Kujerun Aro

Kawuna shi ne hedimastan makarantarmu, kuma mutum ne da gara ya kwana da yunwa da maƙwabci ya ji bai ɗora tukunya ba. Shi ya sa da aka ce wata gidauniyar tallafa wa ilimi za ta turo wakiliya ta duba ko mun cancanci a gina mana azuzuwa, abin da ya fara cewa shi ne, "Kada a kunyata mu gaban baƙuwa."

Ni nake koyar da 'yan aji biyu, kuma bangon ajina ne ya tsage har kana hango masu wucewa a titi. An riga an gargaɗe mu, in ba a gyara ba kafin sabon zango, za a rufe makarantar.

Kawu ya tashi haiƙan. Ya sa aka shafe bango da fenti, aka tura kabad ya rufe tsagar, inda kabad bai kai ba aka rataya taswirar duniya. Ya je wurin mai hayar kujerun biki ya aro na roba farare tas. Yaran da suka saba zama a kan buhu, sai ga su a kujera suna lilo da ƙafa. Buhunan kuwa aka cusa su bayan kabad.

Na ce, "Kawu, taimako fa muke nema."

Ya ce, "To sai mu nema a wulaƙance? Ja bakinki, 'yar nan."

Baƙuwar ta iso da hantsi, wata dattijuwa mai tabarau, takalminta duk ya sha tafiya. Ta zagaya tana yaba tsabta. Duk yabon da ta yi sai Kawu ya ƙara kumbura. Da ta ce, "Gaskiya kun fi inda na je jiya hali nesa ba kusa ba," saura kaɗan in fashe da kuka.

Tana shirin yin sallama sai ga motar kaya a ƙofa. Mai kujeru ya shigo yana sharce gumi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, masu biki sun matso da lokaci. Yara, ku tashi."

Yara ba ruwansu. Suka miƙa kujeru, suka ruga ɗauko buhunansu. Wajen jan buhu suka ture kabad, taswira ta faɗo, hasken titi ya shigo ajin.

Baƙuwar ta matsa ta zura hannu cikin tsagar har gwiwar hannu. Ta juyo ta dubi Kawu ta saman tabarau.

Ta ce, "Malam, da na fita ɗazu, da cewa zan yi ba ku da bukata. Akwai sauran abin da aka ɓoye mini?"

Kawu ya cire hula ya sosa ƙeya. Can ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan ai kaɗan ne. Zo ki ga rufin aji huɗu."

Sai a lokacin na saki numfashi, na zauna a kan buhu tare da yara ina dariya da hawaye.

Magina sun iso kafin hutu ya ƙare. Har gobe Kawu yana gaya wa mutane tsarinsa ne ya burge gidauniyar. Ban taɓa musa masa ba, tunda yarana suna da aji.