Rantsuwar Badaru a Kan Makullin Ruwa

Ƙanena Badaru shi ke riƙe da makullin ƙofar ruwan da ke shayar da gonakinmu na rani. Ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne, amma da aikin nan yake ciyar da iyalinsa, har Innarmu ta samu na magani. Gonarsa ta gado kuwa, in akuya ta kwanta a ciki wutsiyarta tana gonar maƙwabci. Saboda haka in aikin nan ya tafi, Badaru ya shiga uku.

Da ƙungiyarsu ta ce a tafi yajin aiki ban ce uffan ba, duk da tumatirina ya fara fure. Abin da ya ƙona min rai shi ne wautar da suka tafka a wurin taro. Wani mai zafin kai ya miƙe ya ce faɗa da baki ba ta isa ba, a kawo Alƙur'ani. Kowa ya yi alwala ya dafa, ya rantse ba zai ƙara taɓa makulli ba sai ya ji daga bakin shugabansu, Malam Kallamu, cewa a koma. Bakin Kallamu fa, ba na kowa ba!

Ana nan sai muka ji a rediyo wai kotu ta haramta yajin. Wai ruwa yana cikin ayyukan da doka ba ta yarda a tsayar ba, wai kuma ba su ba da sanarwa yadda ya kamata ba. Kafin mu gama fahimtar wannan, aka ce gwamnati ta sauke shugabannin ƙungiyar ta naɗa na riƙo. Shi kuma na riƙon ya ce kowa ya koma kafin a sauko daga Juma'a, wanda ya ƙi a bakin aikinsa.

Na ce wa Badaru, "To, alhamdu lillahi. Tashi ka je ka buɗe."

"Yaya, ba Malam Kallamu ne ya faɗa ba."

"Kallamun da aka sauke?"

"Daga kujera aka sauke shi. Ni a kan bakinsa na rantse."

Wallahi sai da na ji kamar in make shi. Na ja shi wurin Liman Abdulmumini, ya ce ya yi kaffara ya koma aikinsa. Badaru ya ce to sauran 'yan'uwansa fa, da suka rantse tare? Muka je wurin wani malamin a unguwar gabas. Shi ya ce in ƙungiya ta mutu, rantsuwa ta bi ta. Sai ya tambaye mu, ƙungiyar aka rushe ko shugabanninta? Muka kalli juna. Ya ce to shi ma bai sani ba ke nan.

Wayar Kallamu a kashe take. Ran Juma'a da safe na goya Badaru a babur muka nufi birni, na ce yau ko da tsiya sai mun ciro kalmar nan daga bakin mai ita.

Muka same shi a zaurensa ya rame, da maƙwabta zazzaune. Bayan gaisuwa Badaru ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kalma ɗaya nake roƙo. Ka ce in koma."

Kallamu ya sunkuyar da kai. "Ɗan'uwa, kotu ta hana ni cewa komai a kan yajin nan. Lauya ya ce ko 'ku koma' na furta, na ba da umarni ke nan a matsayin shugaba, kuma kurkuku za a kai ni."

Na ce, "Ikon Allah! Su ba komawar suke so ba?"

"Ita suke so. Amma ba daga bakina ba."

"To ka raɗa masa a kunne mana!"

Ya dubi mutanen da ke zaune, ya dube ni, ya ce a kawo mana ruwa mu sha. Na yi masifa, na yi magiya, har na ce masa abin da bai kamata a faɗa wa mutum a gidansa ba. Muna cikin haka aka kira sallar Juma'a. Sahu ɗaya muka yi da shi, Badaru a damansa, har liman ya sallame.

Da la'asar muka iso gari. Tun daga kan hanya na ji ƙarar ruwa. An fasa kwaɗon ƙofar ruwan an sa sabo, wani baƙo da ba mu taɓa gani ba yana zaune a inda Badaru yake zama. Shi ne ma ya gaya masa, cikin ladabi, cewa an sallame shi.

Ruwa yana ta kwarara cikin tumatirina. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, kuma na ji kunyar daɗin. Badaru ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi fartanyar hannuna ya shiga tare min ruwa kwami bayan kwami. Can ya ɗago.

"Yaya, wanda aka kora, yana cikin yajin aikin ko ya fita?"

Ya jira ni kaɗan, sannan ya sunkuya ya ci gaba da aiki.