Kwalbar Bayan Katako

Wata huɗu ke nan rabon kafinta da ya dawo gida yana tangaɗi, amma matarsa ba ta kwance jakarta ba. Tana nan a ɗaure a saman kwaba. Ta riga ta rantse a gaban yayansa cewa ranar da ta sake ganinsa da giya, ita da 'yan biyunta sun bar masa gidan.

Ran nan da azahar ta kai masa abinci shago, ta tarar ya fita sayo ƙusa. Tana neman inda za ta ajiye kwano sai idonta ya faɗa bayan tulin katako. Ga koriyar kwalbar nan da ta cinye musu shekara bakwai, har da saura rabi a ciki.

Ta zauna a kan wata kujera da ba a gama haɗawa ba. Ashe sassaƙen da wata tsohuwa mai magani ta ba su, wanda take dafa masa kullum har gidan ya ɗauki warinsa, da zaryar asibiti saboda rawar hannu, duk wahalar banza ta sha?

Ya shigo ya ga abin da ke hannunta.

"Maman 'yan biyu, tsaya ki ji."

"Shekara bakwai ina ji, Malam. Ya isa."

"To kada ki ji. Ki shinshina kawai."

Ta buɗe murfin a fusace. Babu tsamin nan da ta sani. Ta ɗan ɗiga a harshe, ɗaci ya ratsa ta har kunne. Ai sassaƙen da ta dafa masa da safe ne!

"Iya mai magani ce ta ce in yi haka," in ji shi, yana sosa ƙeya. "Wai hannuna ya fi bakina sabawa da kwalbar. In abin ya taso min da la'asar, in ɗauke ta yadda na saba, in kurɓa."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya. Ƙato da ni, in ce har yau sai na riƙe kwalba?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin ta. Rabon da ta ji ƙirjinta sakayau haka har ta manta.

"Kawo ta gida in wanke maka, ƙazami," ta ce. "Ka zo da wuri kuma. Akwai jakar da za ka sauko min da ita in kwance ta."