Tulun Filinna

A unguwarmu ta magina tukwane a birnin Atina, tulu mai dogon wuya iri biyu ake ginawa. Ɗaya na ɗebo ruwan wankan amarya daga marmaro. Ɗayan na budurwar da ta mutu ba ta yi aure ba, a kafa shi bisa kabarinta. Shi ba a yi masa gindi, don madara da zumar da aka zuba su gangara su same ta. A tsaye ba ka bambance su.

Yayata Filinna ta kwanta da zazzaɓi ana shirin bikinta. Mai magani ya ce muddin tana sa rai tana cin abinci, za ta iya tashi. Saboda haka babanmu, Deksiyos, ya hana kuka a ɗakinta, kullum zancen biki muke mata.

Wata safiya ta ce, "Baba, wai ina tuluna? Ko so kake in tsufa a gidanka?"

"Ke da ko ƙoƙo ba kya iya riƙewa? Yana nan, jiya ya fito daga wuta."

"A kawo in gani. Na san ka, ƙila ka zana wa ango irin hancinka."

Baba ya yi dariya, ya tafi wanke yumɓun hannunsa. Kafin ya gama, Inna ta riga shi zuwa rumfa. Ba ta san biyu ya gina ba. Ta zaɓi wanda ya fi kyau, ta rungumo shi ta kwantar a cinyar Filinna.

Filinna ta yi ta juya shi tana kallon 'yan rakiyar amarya da aka zana. Hannunta ya zame ƙasa, ya shige ciki. Ta daɗe ba ta zaro shi ba.

Da ta ɗago, Baba na bakin ƙofa da ɗaya tulun.

Ya ce, "Wannan na wasu ne, 'yata. Aiki suka ba ni."

"Ga sunana a jiki, Baba." Ta shafa rubutun da yatsa. "Ya ma fi wancan kyau. Shi ka fi ba lokaci."

Inna ta miƙa hannu za ta karɓa, Filinna ta ce a bar mata shi a jikin bango.

Da rana na kai mata kunun sha'ir, ta ce in ajiye, ya yi zafi. Na dawo na tarar ya huce yadda na bar shi. Ba ta kai lokacin tsinkar zaitun ba ta rasu.

Mai gindin ya daɗe a rumfa. Daga baya Baba ya ba 'yar maƙwabtanmu, bai je bikin ba.