Ramin da Ke Bayan Kujera

Ƙanena ya cuci 'yarsa. Na faɗa masa a gaban idonsa, zan kuma faɗa a nan. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma ban san uban da ya kai shi son ɗa ba. Amma ya ga ruwa yana fita daga bayanta, ya nemi yadi ya rufe. Yadin kuwa ni na ɗinka masa.

Shi kafinta ne, ni mai ɗinkin kujeru. Rumfarmu ɗaya, shi a gaba da zarto da guduma, ni a ciki da soso da keken ɗinki. Kujera takan fito daga hannunsa tsirara, ni in tufatar da ita.

Yarinyar Aku muke ce mata, don bakinta ba ya hutawa. An haife ta ƙashin bayanta bai gama rufewa ba, aka ɗinke wurin tana da kwana biyu a duniya. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai. Ko allura ta soke ta, sai in ta ga jini za ta sani. Tana girma bayan yana tanƙwarewa, har doro ya fito mata a ƙasan baya, mai tsini kamar gwiwar hannu. In ta zauna sai ta kifa gaba, dole ta dafa cinyoyinta kada ta faɗi. Ko ruwa za ta sha, hannu ɗaya ke ɗaukar kofi, ɗayan yana tokare da ita. Ubanta ya yi mata kujera mai taya, ya fafe rami a allon jinginar daidai doron, ni kuma na zagaye bakin ramin da soso.

Tana shekara tara fatar kan doron ta fara tsagewa. Likitar ƙashi, wata mace mara yawan magana, ta ce lokacin tiyata ya yi. Za a cire ƙashin da ya lanƙwashe, a miƙe sauran, a ɗaure shi da sandunan ƙarfe biyu da ƙusoshi har ya haɗe da kansa. Aka shiga da ita da safe, ba a fito da ita ba sai da rana ta yi sanyi.

Ranar da aka fara zaunar da ita ina wurin. Ta ɗaga hannu ɗaya ta jira ta faɗi, ba ta faɗi ba. Ta ɗaga ɗayan. Sai ta tafa, ta sake tafawa, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ga ko lafiya. Sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Baffa, ashe kana da fuska. Ni da takalmanka kawai na sani."

Kafin sallama likita ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce fatar wurin sirara ce, tsohon tabo ne, ƙarfen kuma yana dab da ita. Wani yaron in miki ya ruɓe zai yi kuka ya tayar da gida, wannan ba za ta ji ba, don haka idonmu ne zai ji mata zafin. A duba bayan kullum. In an ga ja, ko danshi, ko an ji wari, a kawo ta a ranar. In an zo da wuri, wankin miki da magani sun isa. In aka bari ƙwayar cuta ta kama ƙarfen kafin ƙashi ya haɗe, sai an cire shi. Duk wannan bayanin, ƙanena kalma ɗaya ya ɗauka ya tafi da ita gida: cirewa.

Ya jefa tsohuwar kujerar kan rufin rumfa, ya ce kada ya ƙara ganinta. Ya ƙera sabuwa da katako mafi kyau da yake da shi, bayanta a miƙe sambal. Na sa mata soso da farin yadi. Kowace yamma yakan tura Aku daga wannan bakin layi zuwa wancan, tana ɗaga wa mutane hannu biyu, tana tsokanar mai faci da mai gyaran rediyo. Ta koyi yi wa 'yar tsanarta kitso. Ta koyi saka zare a allurata, har tana cewa in sallami tabarau ta kama aiki.

A lokacin uwarta tana da tsohon ciki, ba ta iya ɗaga ta. Wanka da juyi da duba baya duk suka koma hannun uban.

Wata safiya ya shigo wurina da matashin jinginar a hammata, ya ce in canza yadin, shayi ya zube a kai. Shekara talatin ina cire yadi daga kujerun mutane. Na san tabon shayi, na san na mai, na san na fitsarin yaro. Wannan tabon rawaya ne, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba, kuma a tsakiyar baya yake. Na kai hanci.

"Wannan shayin daga bayan Aku aka dafa shi?"

Ya waiwaya ya ga ba kowa, ya rage murya. Ya ce ɗan ƙaramin wuri ne, ruwan warkewa ne, yana shafa magani yana sa auduga. Na ce ba abin da likita ta faɗa ke nan ba.

"Yaya, in na kai ta cirewa za su yi. Ka ga yadda take tafi? Ka ba ni mako ɗaya. Ka sa baƙi, kada uwarta ta gani hankalinta ya tashi, ga halin da take ciki."

Na ce masa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na faɗi karin maganata, na ji na sauke nauyi, sannan na zauna na yanka baƙin yadi na ɗinka. Na ce wa raina 'yarsa ce, shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Gaskiyar ita ce ni ma ba na son in ji kalmar nan daga bakin likita. Babba da ya ga ɓarna ya tsaya a karin magana, da shi aka yi.

Mako ɗaya ya zama biyu. Kullum in tambaye shi, kullum ya ce da sauƙi. Ban taɓa cewa ɗaga rigar in gani ba.

A kwana na goma sha tara Aku ta yi shiru. Ta ƙi abinci, jikinta ya yi zafi rau. Uwar ta ji wari, ta kira maƙwabciya suka kifa ta a kan gado, suka ɓare audugar. Mugunya ce, da rami, kuma a ƙasan ramin ƙarfe yana ƙyalli.

A asibiti likita ta tambaye mu tun yaushe. Ƙanena ya ce kwana uku. Ta ci gaba da kallonsa.

"Goma sha tara," na ce. Gaskiyar da na faɗa ke nan, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Sau biyu suka shiga da ita ɗakin tiyata suka wanke wurin, ana ta ɗura mata magani ta jijiya. Zazzaɓin ya ƙi sauka. A na uku suka cire sandunan. Likita ta ce ko ƙarfen ko ran yarinyar, kuma da an zo a makon farko da wuya a kai ga haka. Ta ce fatar da ta rage ba za ta ɗauki wata tiyatar nan kusa ba, wataƙila ma har abada.

Aku ta rayu. Mikin ya ɗauki wata huɗu kafin ya rufe. Kafin ƙaninta da aka haifa ya fara zama, ita ta koma dafa cinya. 'Yar tsanar tana nan a kan taga, rabin kanta a kitse. Da na je gaishe ta, ba ta iya ɗago kai sosai ba.

"Baffa, ka goge takalman nan mana, tunda su zan riƙa gaisarwa."

Ta yi dariya. Ubanta ya tashi ya fita.

Muka hau rufi muka sauko da tsohuwar kujerar, ashe ruwan sama ya cinye ta, gara ta ƙarasa. Ba abin da ya rage sai sabuwar, mai miƙaƙƙen baya, wadda ba ta zaunuwa da doro. Na ce a kai wa wani kafinta. Uwar ta ce a'a, mai ita yana nan da ransa.

Ba wanda ya kai shi ƙara, ba wanda ya zage shi, matarsa ma ba ta fita ba. Wanka da duba baya dai ta karɓe, ba ta sake barinsa ya taɓa auduga ba. Shi ya durƙusa da magwaji ya auna doron 'yarsa, ya zana a jikin katakon, ya ɗauki zarto ya fafe. Ni na zagaye bakin da soso, da farin yadi.

Doron bai daina fitowa ba. Duk wata shida sai ya sake aunawa ya faɗaɗa ramin. Bana ya yi na biyar.