Abincin Takarda

Direba ya taka kujera da ƙafarsa mai lafiya, ɗayar da likitoci suka sa wa ƙarfe tana reto, ya miƙa hannu can saman kanta ya zaro littafin nan mai jan bango. Shekararsa saba'in da huɗu, amma bai nemi a riƙe masa kujera ba. Mutumin da tirela ta kife da shi sau uku, ya wuni a ƙarƙashinta, aka ce za a yanke masa ƙafa ya ce su je su yanke tasu, shi ne kujera za ta kayar?

Auta, 'yarsa, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da kwanon da ta fito da shi daga ɗakin uwarta, ko cokali ɗaya ba a taɓa ba. Kwana huɗu ke nan da aka sallamo uwar tata, Malama, daga asibiti, ɓarin jikinta na dama a shanye, baki ya daina magana, kuma ta ƙi abinci. Likita ya ce idan gobe ta yi ba ta ci ba, a mayar da ita a zura mata roba ta hanci. Direba ya ce muddin yana numfashi, ba mai zura wa matarsa tiyo sai ka ce tankin mota.

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana aiki a ɗakin karatu, da ta yi ritaya kuma sai ta mai da ɗakin baƙi wani sabon ɗakin karatun. Bango uku duk kanta ce, kowane littafi da 'yar farar takarda mai lamba a ƙeyarsa, ga akwatin kati a kan tebur. Layi ɗaya na karnuka ne, biyu na girki. Direba ko baƙi ɗaya bai sani ba, bai taɓa zama a aji ba, kuma bai taɓa jin kunyar faɗa ba. Ai rabin littattafan girkin nan shi ya sayo su a hanya, yana zaɓa da hoto, yana ɗaga wa 'yan'uwansa direbobi yana cewa matarsa ce ke karanta irin waɗannan, su nasu matan fa?

Ya aza littafin a tafin hannu ya bar shi ya buɗe da kansa. Ya buɗe a wani shafi da mai ya jiƙa har takarda ta yi shara-shara, ga hoton romon kaza da shinkafa da yankan lemon tsami a gefe. Ya bayyana wa Auta cewa wannan ba ya bukatar boko: tayar da ta fi cinyewa ita ke ɗaukar kaya, shafin da ya fi datti shi uwarta ta fi so. Ita ta karanto, shi zai dafa.

Auta ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganinsa ya kunna risho ba. Ya ce ya dafa abinci a bakin titi cikin ruwan sama, da gwangwanin man inji, tun kafin a san za a yi ta.

Suka wuce ta gaban ɗakin Malama. Kamus yana kwance a bakin ƙofa, haɓa a kan ƙafafu, bakinsa duk furfura. Shi ne kare na uku da Malama ta riƙe, kuma saboda karnukan nan yayar Direba ta yi shekaru ba ta shan ruwan gidan. Tun da aka dawo da uwar ɗakinsa bai gusa daga wurin ba.

A kicin Auta ta jingina littafin da tulun sukari tana karantowa: rabin kaza, albasa ɗaya, shinkafa rabin kofi, a rage wuta. Direba yana yanka albasa, wuƙa ta ɗan taɓa yatsarsa, ya tura hannun cikin aljihu. Amma idonsa na kan yatsarta. Ya ga tana bin baƙin rubutu, idan ta zo gefen shafi inda aka yi wasu ƙananan layuka da fensir sai ta tsallake. Rubutun Malama kuwa ya san shi kamar yadda ya san tafiyarta, a kishingiɗe, ƙanana, kamar jerin tururuwa.

"Na fensir ɗin fa?"

Ta ce ba komai ba ne, kwanan wata ne kawai.

"Kwanan wata har layi bakwai? Ke, ni ban yi makaranta ba, amma na iya ƙirga. Wataƙila nan sirrin yake. Karanta."

Ta karanta da muryar da ake karanta takardar asibiti. Na farko tun Auta tana goye aka rubuta shi: "Na dafa masa ranar da ya dawo daga tafiya. Ya ce abincin takarda ne, ya fita ya ci a tasha. Kare ya ci." Na biyu bayan shekara biyu: "Na rage lemon tsami. Bai buɗe kwanon ba. Kare ya ci." Na uku: "Na ƙara barkono yadda yake so. Ya ce shi ba majinyaci ba ne. Kare ya ci."

Ta ɗago. Ya yi mata alama da wuƙa ta ci gaba. Haka ta bi su har na bakwai, wanda aka rubuta shekarar da Malama ta yi ritaya, shi kuma gajere ne: "Na daina dafa masa. Ni da Kamus."

Direba ya yi dariya, ya ce uwarta ke nan, ko tari ka yi sai ta buɗe masa kati. Ya juya baya yana motsa tukunya. Abincin takarda. Shi ya ƙirƙiro kalmar, kuma ta yi farin jini a tasha, har yaran mota suna maimaitawa. Yakan ba da labarin yadda matarsa ke auna gishiri da ƙaramin cokali tana leƙen littafi, a yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya miƙa hannu ya buɗe wani shafin, can tsakiya. Tururuwan suna nan a gefe. Ya buɗe wani. Suna nan. Bai ce a karanta ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Romo ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ya shaida. Ƙamshi ya cika gidan. Ya zuba a farin kwano, ya ɗora yankan lemon tsami a gefe daidai yadda yake a hoto, ya hana Auta ɗauka. Ya tsallake kare ya shiga, tire a hannu, littafin a hammata.

Malama tana jingine da filo uku, ta rame, bakinta ya karkace gefe guda. Amma hancinta ya motsa. Idonta ya bar silin ya sauko kan kwano, karo na farko cikin kwana huɗu. Direba ya dubi Auta, wato ki gani.

"Malama, daga littafinki ne. Ni na dafa da hannuna."

Ya buɗe mata shafin ya kai kusa da fuskarta. Ta dubi hoton, ta dubi rubutun fensir, ta daɗe a kansa. Sannan ta dube shi. Ta miƙo hannun hagu, ya yi maza ya sa mata kwanon. Romo yana zuba a kan zanin gado, ta karkata a hankali, a hankali, har ta dire kwanon a ƙasa. Sai ta yi 'yar ƙara da harshe, irin wadda take yi kowace safiya a bakin ƙofar kicin, sautin da ya rage mata ke nan.

Kamus ya tashi da ƙyar, ya shigo, ya sa baki.

Direba ya tsaya da tire har kare ya lashe kwanon, ya ture yankan lemon tsami da hanci. Sannan ya ce bari ya duba ko ya kashe risho, ya fita.

Bai je kicin ba. Ya zauna a ɗakin littattafai, a kan kujerar da ya taka ɗazu. Ya ji Auta ta wuce, ya ji murfin tukunya, ya ji ta koma ta tura ƙofa. Can sai ga ƙarar cokali a jikin kwano, a yi shiru, a sake. Ya ƙirga da yatsu, har da wadda ya yanke.

Da Auta ta leƙo za ta ce Mama ta sha cokali tara, ya riga ta faɗin adadin. Ya ce ai ya gaya musu ba za a sa roba ba, likita ya je ya nemi wani hancin. Ta juya za ta tafi, ya kira ta. Ya ɗauko fensir daga akwatin kati, ya miƙa mata tare da littafin.

"Sa kwanan watan yau a ƙasan na uwarki. Rubuta, shi ya dafa, ya kai da hannunsa."

Ta rubuta, ta tsaya tana jira.

"Ƙarasa mana. Ba ta son aiki rabi."

"Baba, ai ta ci."

"Naki ta ci. Rubuta abin da ya faru da nawa."

Ta rubuta, ta ajiye fensir, ta fita. Direba ya jawo littafin kusa da taga. Ya ɗora yatsa a kan ƙarshen sabon layin, ya tsallake na bakwai, ya hau da ita zuwa na samansa, da na gaba da shi, da na can farko. Hannun da ya rubuta daban ne, amma ƙirar ɗaya ce: guntu uku, na farko ya fi tsawo, biyun ƙanana. Kare ya ci. Shekara saba'in da huɗu, yau ga rubutu ya gane da kansa, ba wanda ya karanta masa.