Wayar da Ta Ƙone a Cikin Jirgin Yaya

Gyaran talabijin da rediyo ne sana'arsa, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya, har yayansa da suke ciki ɗaya. Yayan nasa tsohon malamin makaranta ne. Da ya yi ritaya sai ya faɗa harkar ƙananan jirage masu tashi da rimot, ya shiga ƙungiyar wasu dattawa da ke haɗuwa duk Asabar a filin bayan tsohuwar masaƙa. Wata bakwai ya yi yana haɗa nasa jirgin a tsakiyar falo, matarsa tana mitar ko shayi ta sha warin gam take ji.

Injiniya ne ya kawo shawarar a sa wa jirgin 'yar na'urar lura da batir, wadda ba ta kai akwatin ashana ba. In batir na da ƙarfi takan nuna koriyar wuta, in ya yi sanyi ta nuna ja ta kama ƙara. Da hannunsa ya liƙa ta da dalma a jikin wayoyin da ke kai wuta ga abin karɓar umarnin rimot. Da ya gwada, ya ji ta ɗan ɗau zafi, ya kuma ga jar waya ta matsu da baƙar. Mutum biyu na tsaye a bakin shago suna jiransa. Ya naɗa ɗan salatif ya rufe.

Ran Asabar da la'asar Yaya ya duba wutar, koriya shar, ya tashi jirgin. Ya zaga filin sau biyu lafiya lau. A zagaye na uku Injiniya ya ga yatsun yayansa suna ta motsi a kan rimot, jirgin kuwa ya miƙe abinsa.

"Ba ya jina," in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Jirgin ya karkata, ya yo ƙasa can gefen filin, inda wani mai lambu ke durƙushe yana ban ruwa. Mutumin ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, farfela ta yanke shi daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Injiniya ne ya tuɓe rigarsa ya ɗaure wurin, suka kai shi asibiti. Ɗinki goma sha huɗu aka yi masa, likita ya ce jijiyar yatsu biyu ta taɓu.

Kashegari shugaban ƙungiya ya zo gidan Yaya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Malam, shekaru ne. Ido ba kamar da ba, hannu ma haka. Ka huta kawai, ka riƙa zuwa kallo."

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne." Injiniya yana zaune a gefe yana jin su.

Ran Litinin ya baje tarkacen jirgin a kan teburin shagonsa. Batirin lafiyarsa ƙalau, ko rabi bai sha ba. Da ya ɓare salatif ɗin sai ga wayoyin nan biyu sun narke sun haɗe, daidai inda ya liƙa. Jijjigar jirgin ce ta goge su har suka taɓa juna, wuta ta ɗauke. Ko wane ne ke riƙe da rimot ɗin, abin da zai faru ke nan.

Kwana uku abin yana aljihunsa. Ya je duba mai lambu, ya tarar da matarsa ce ke ciccibar bokitin ruwa, shi yana zaune a gindin bishiya da hannu a naɗe, har yana yi wa Injiniya godiyar rigar da ya ɓata. Daga nan bai koma shago ba, gidan Yaya ya wuce.

Ya same shi yana kwashe kayan aikinsa yana zubawa a kwali. Ya ajiye ƙonanniyar wayar a gabansa.

"Yaya, ba idonka ba ne. Aikina ne. Na ji ta da zafi tun ranar, na rufe."

Yaya ya ɗauka ya jujjuya.

"Kana zaune mutumin nan ya ce mini na tsufa."

"Ina zaune."

"Yaushe ka gano?"

"Litinin."

"Yau Alhamis." Ya ajiye wayar. "Wa da wa ka sa wa irinta?"

Mutum huɗu ya sa wa a ƙungiyar, kuma jibi za su fita fili. Yaya ya ɗauki makullin mota. Gida-gida suka bi, Injiniya yana buɗe jirage yana cire na'urar, yana maimaita bayanin da bakinsa. A jirgin shugaba ma salatif ya fara cinyewa.

A hanyar dawowa Yaya ya tsaya a bakin lambun, bai kashe mota ba.

"Saura shi," ya ce. "Ka shiga ka faɗa masa. Ni zan jira a nan."