Saniyar Amani a Cikin Tele

Ladan makiyayi bai taɓa ɗaukar gidan kallo a bakin komai ba. Duk ranar kasuwar Urafane sai ya zaunar da ɗansa Amani gaban tele, ya wuce kara wurin shanu hankalinsa kwance. Ko da yaron ya fara firgita cikin barci, ya kuma daina zuwa kusa da Wule, saniyar da aka ba shi ranar suna, Ladan cewa ya yi iska ce, a yi masa hayaƙi. Matarsa Halimatu ta ce yaron yana neman suɓuce musu, ya ce mata ta cika tsoro.

Madam Zubaida, malamar lakwal, wato makarantar boko, ita ta ɓaro aikin. Mace ce mai hannu, ga ƙarancin magana. Ta bi masu gyaran tele a Tasawa ta kwaso matattun tele, ta cire gilasansu, ta jera akwatunan a gindin gawon bakin kasuwa. Sannan ta raba wa yara laka, ta ce kowa ya gina abin da ke ransa, ta sa ginin a ciki. 'Yan kasuwa suka yi ta tsiya, wai ga telen da ba ta cin batir.

Ladan ma da dariya ya zo. A zamaninsa ɗan makiyayi shanu yake ginawa, kowa ya kwaikwayi tasa har tozo. Nan kuwa babura ya gani, da bindigogi, da mutane a kwance. Dariyar ta fara raguwa.

A akwatin ƙarshe ya ga saniya, ƙahonta na hagu ya lanƙwaso ƙasa. Ko cikin garke dubu ya san ƙahon nan, na Wule ne. Tana kwance, an huhhuda cikinta da tsinke, wani mutum na tsaye a kanta.

"Madam, wa ya gina wagga?"

"Ban sa sunan kowa ba, Malam Ladan. Kai ka san mai ita."

"Mi ya ce miki?"

"Ya ce in ya ruhe ido haka yaka ganin ta. Shi ya sa ba ya zuwa wurinta, tsoro yakai ya tarar gaskiya ne."

Tausayin ɗansa ya kama Ladan. Ya girmama matar nan ƙwarai. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, laka kawai ta ba yara ta koma gefe.

Bai koma kara ba. Ya shiga gidan kallo ana tsakar harbe-harbe a tele, ya saɓo yaron a kafaɗa, suka kama hanyar ruga. Wule na kwance tana tuƙa. Ladan ya kama hannun ɗansa ya ɗora a cikinta.

Amani ya daɗe yana shafa haƙarƙarinta a hankali, yana neman hujin.